Ranar da Graciete Ta Ƙi Yi Mana Allura

A Soutelo Velho ba mai miƙa hannu a yi masa allurar rigakafin mura sai an gama tsintar kastanya, 'ya'yan itacen da muke ci muke sayarwa. Haka muka taso muka tarar. Likitoci su yi ta surutu a talabijin tun watan Oktoba, mu kuwa muna duƙe a ƙarƙashin itatuwa da buhu a gefe, don kowa ya san allura tana sa hannu tsami kwana biyu, kwana biyu kuma a lokacin kaka ba abin wasa ba ne. Doutora Graciete, mai kantin maganin ƙauyen, ta yi shekaru tana faɗa da wannan hali namu, ba ta ci nasara ba. Da ta gaji sai ta tsayar da rana guda, Litinin ta ƙarshe a watan Nuwamba, ta ce wanda bai zo ran nan ba ya kuka da kansa.

Ni ce Aldina, mai shagon kofin da ke kallon kantin maganinta, taku ashirin ne tsakaninmu. Ita ta riƙe 'yata Zélia ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre. Mukullin kantinta yana rataye a bayan ƙofata tun kafin gashina ya fara fari, kamar yadda nawa yake wurinta.

Graciete 'yar Ti Amadeu mai injin niƙa ce. Gajeriya, tabarau a rataye a wuya, kuma tun muna makaranta ba a kayar da ita a gardama. Ta tafi Porto ta karanto ilimin magunguna, kowa ya ce shi ke nan, birni ya cinye ta. Sai ga ta ta dawo da akwati biyu ta buɗe kanti a tsohon ɗakin ajiyar hatsin ubanta. Ba ta yi aure ba. Wani malamin makaranta ya taɓa nemanta, a fitarsu ta biyu ta gaya masa yana shan maganin hawan jininsa ba bisa ƙa'ida ba, daga nan ba mu sake ganin motarsa ba.

Lokacin da doka ta ba masu kantin magani damar yin allurar rigakafi, tana da shekara arba'in da shida, amma ta rufe kanti ta tafi kwas. Ta dawo tana ta tsira wa lemon zaƙi allura a kan kanta har hannunta ya faɗa. Mutane suka ce allura aikin nas ne, mai sayar da ƙwaya ta tsaya a ƙwayarta. Shekarar farko mutum shida suka zo, uku daga ciki dangin ta ne. Ko a jikinta. Ta ware ɗan ɗaki da gado da labule, ta kafa dokokinta: sai ta tambaye ka ko kana zazzaɓi yau, ko allura ta taɓa kumbura maka fuska ko ta shaƙe maka numfashi, bayan ta yi maka kuma ka zauna a benci rabin sa'a, maganin gaggawa na ajiye a gefenta. Ko awakinka sun shiga gonar wani ba za ka tashi ba. Firjin alluran kuwa, safe da yamma sai ta duba ma'aunin sanyinsa ta rubuta. Tsakanin biyu da takwas, abin da take faɗa ke nan kullum, mu kuma mukan ce to, ba tare da mun tambayi biyun me da takwas ɗin me ba.

Mijina Firmino ya yi shekara talatin yana fasa dutse, ƙurar ta zauna masa a huhu. Hawa matakalar gidanmu sai ya huta sau biyu. Likitan ƙirji ya gaya mini a gefe cewa murar hunturu mai ƙarfi guda ɗaya ta isa ta tafi da shi. Ga shi kowace shekara, ranar ashirin da ɗaya ga Disamba, Zélia take isowa daga Faransa da yara uku, kowanne hanci na zuba, su haye kakansu da sumba. Ba ita kaɗai ba, rabin ƙauyen a Faransa yake, duk kuma makon suke dawowa, coci ta cika da tari. Graciete ta sha gaya mana jiki yana bukatar mako biyu bayan allura kafin garkuwarsa ta tsaya da ƙafarta. Firmino kuwa yana tsoron allura fiye da nakiyar fasa dutse, bai taɓa yarda an yi masa ba. A shekarar da nake ba ku labari, wata guda na yi ina yi masa magiya da kuka da gori kafin ya ce to.

Ranar Lahadi, jajiberin ranar allura, Graciete ta tafi Porto jana'izar yayarta. Da la'asar ina share ƙofar shago sai na ji ƙara tana fitowa daga kantinta, ƙit-ƙit-ƙit ba tsayawa. Na ɗauki mukulli na shiga. Firjin ne, jar fitila tana walƙiya, injinsa ya mutu. Na kira wayarta, a kashe, tana coci. Ban sake kira ba, na ce wace irin mace ce za ta dami mai makoki da zancen firji? Na kwashi kwalayen nan, allura arba'in da shida, na rungume su na tsallaka titi.

A shagona akwai firjin lemo, akwai kuma babbar firizar da nake ajiye askirim da nama. Na tsaya a tsakaninsu na yi tunani irin na mai hankali. Na ce firjin lemo ana buɗe shi ana rufewa, sanyinsa ba shi da ƙarfi, abu mai daraja irin wannan sai wurin da ya fi ko'ina sanyi. Na matsar da cinyar ɗan akuya, na jera kwalayen da kyau, na rufe. Har na ji daɗin kaina, ina cewa gobe comadre za ta san tana da maƙwabciya.

Da sassafe ta iso, idonta a kumbure, baƙaƙen kaya a jikinta. Na ja ta zuwa shago ina murmushi, na ɗaga murfin firizar. Ta sa tabarau. Ta ɗauki kwali ɗaya, ta zaro sirinji ta ɗaga shi wajen taga. Ruwan ciki ya zama ƙanƙara.

"Tun yaushe, comadre?"

"Tun jiya da la'asar. Ba su ji ɗumi ko na minti ɗaya ba, na rantse miki."

Ta kalli firjin lemon da ke gefe. Sannan ta ce, "Da a can kika sa su, da yau mun yi aiki. Ko a kan tebur kika bar su ma, da da sauran magana, sai in buga waya in tambaya. Amma wanda ya daskare ya mutu."

"Ai za su narke!"

"Za su narke, su koma kamar ba abin da ya same su. Abin da ya sa suka fi haɗari ke nan."

Ta kwashe kwalayen a cikin kwando, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki rufe bakinki. Ni na ba ki mukulli ban gaya miki abin da za ki yi da shi ba. Kuma mutanen nan su ne masu shan kofinki."

Ƙarfe tara dandali ya cika. Senhor Baltazar, shugaban majalisar ƙauye, ya turo ƙaramar bas ta kwaso tsofaffin unguwannin kan tudu, shi kuma ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki don a ɗauke shi hoto yana naɗe hannun riga. Ti Perpétua, mai shekara tamanin da tara, ta zo da kwandon ƙwai za ta ba Doutora. Firmino ya yi aski, ya sa farar riga, fuskarsa kamar wanda za a kai kotu. Graciete ta fito bakin kanti ta ce firjinta ya lalace, alluran sun daskare, yau ba za ta yi wa kowa ba.

Wuri ya kaure. Baltazar ya kutsa ciki, ya ɗauki sirinji ɗaya da ya riga ya narke, ya ɗaga wa jama'a.

"Ku duba mini nan! Garau yake kamar ruwan rijiya. Doutora, mutanen nan sun taso tun asuba. Ki yi musu mana, in bai yi amfani ba ai ba zai kashe su ba, hankalinsu dai ya kwanta."

"Ajiye mini kaya, Senhor Baltazar, hannunka ba wankakke ba ne."

"Ni fa nake magana da sunan majalisa!"

"To majalisa ta naɗe hannun riga ta yi wa kanta." Ta juya ga mutane. "Ti Perpétua, lokacin da marigayi mijinki yake horar da karnukan garke, me yake ba su su shinshina?"

"Fatar kyarkeci, 'yar nan."

"To ita ce allurar nan. Ba cuta mai rai ba ce a ciki, warinta ne kawai, don jiki ya san abokin gabarsa kafin ya iso. Wadda ta daskare kuwa fata ce da aka wanke da sabulu. Kare zai shinshina bai ji komai ba, ya koma ya kwanta, ku kuma ku tafi barci kuna cewa akwai mai gadi. Gara ku tafi gida kuna jin tsoro da ku tafi da ƙaryata a hannunku."

Ta karɓe sirinjin, ta mayar cikin kwali, ta naɗe kwalayen duka da jan salatif a gaban kowa, ta rubuta a kai da manyan baƙaƙe cewa kada a yi amfani da su. Wani ya ce tsufa ya fara kama ta. Wata ta ce ƙila ta sayar wa Sifaniyawan tsallaken iyaka ne take rufe mu da zance. Ti Perpétua ta koma bas da ƙwanta. Ni ina tsaye a ƙofar shagona da tsumma a hannu, bakina ya mutu, kuma har yau in na tuna tsayuwar nan kunya takan rufe ni.

Wanda ya fi kowa hawa shi ne Firmino. Mutumin da ya yi wata guda yana tara ƙarfin hali, aka ce ya koma gida. Ya zauna a kujerarsa ta kusa da murhu, yana haki yana faɗa.

"Ta mayar da mu yara! Na rantse da kabarin uwata, ƙafata ba za ta sake taka kantin matar nan ba. Ba ita ba, ba asibitin gari ba, kowa ya riƙe allurarsa."

"Kai mutumin nan, ka yi wa Allah ka bar rantsuwa," na ce.

"Ke kuma kina kare ta don comadre ɗinki ce. Mace ta kasa kula da firji guda!"

Na juya na shiga wanke kofunan da na riga na wanke.

Mutane suka ƙaurace mata. Masu mota suka koma sayen magani a gari. Ita kuwa ta kai rahoton abin da ya faru ofishin lafiya da sunanta, ta kawo mai gyara, sannan ta shiga neman allura. A ƙarshen Nuwamba ko'ina an kusa gamawa, don sauran duniya ba sa jiran kastanya. Da izinin ofishin ta bi abokan aikinta gari-gari a 'yar tsohuwar motarta, kular sanyi a kujerar gaba ɗaure da bel, ma'auni a ciki. Nan biyu, can uku. Ranar Alhamis ta dawo da goma sha tara.

Ba ta bi girma ko muƙami ba. Ta bi huhu da zuciya da shekaru, ta rubuta sunaye ta manna a ƙofa. Baltazar ya karanta sau biyu bai ga nasa ba, ya ce wannan siyasa ce. Ta ce masa mutumin da ke iya ihu minti goma bai tsaya shan iska ba zai iya jiran kaso na gaba. Waɗanda ke cikin jerin suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, a ɓoye, kamar masu zuwa wurin boka. Sunan farko a takardar shi ne Firmino, shi ne kuma bai je ba.

Abin da ta yi daga nan shi ne ya sa nake cewa ba a yi mace mai taurin kai irinta ba. Kowace safiya sai ta tsallako shagona, inda maza suke juya mata baya, ta tsaya a kanta ta sha kofinta ba sukari, ta ajiye kofin, ta ɗaga murya.

"Firmino, jikokinka suna isowa ran ashirin da ɗaya. Cire mako biyu. Saura kwana shida."

Shi kuma ya buɗe jarida ya rufe fuskarsa. Kashegari ta ce saura biyar. Ranar Lahadi ma ba ta fasa ba, bayan an fito coci ta faɗa masa a gaban Fada, limamin cocin. Ni kuwa abinci ya daina shiga mini. Nakan ji numfashinsa yana fita da ƙyar in ya sunkuya ɗaura takalmi, in ce yau zan faɗa, sai in hango bakin mutanen ƙauyen nan, in haɗiye. Tsoro ne kawai, ba wani suna da zan ba shi. Na fi tsoron a yi mini dariya a dandali fiye da yadda nake tsoron abin da likita ya gaya mini, kuma na tsani kaina a kan haka.

Ranar Alhamis, bakwai ga wata, shago a cike saboda ruwan sama. Ta shigo ta sha kofinta.

"Firmino, yau ce ta ƙarshe. Ko gobe ka zo zan yi maka, ko jibi, amma yaran za su riga garkuwarka isowa."

Baltazar ya yi dariya ya ce, "Doutora ta iya lissafin kwanaki, lissafin firji ne dai ya gagare ta. Aldina, ba ta wani kofin ko ƙwaƙwalwar ta farka."

Aka fashe da dariya, har da mijina. Ban san lokacin da na saki faranti ba. Na nufi firizar na ɗaga murfin da ƙarfi har ya bugi bango.

"Ku taso ku gani! Taso, Baltazar, kai mai bakin magana! Nan, tsakanin askirim da cinyar akuya, nan na jera su da hannuna. Ni ce na daskarar da alluran. Tana Porto tana binne yayarta, ni kuma ina nan ina yi mata gwaninta. Kwana goma kuna cin namanta a shagona, ina zuba muku kofi. To ga ni, ku ci nawa!"

Firmino ya ninke jaridarsa a hankali. Bai kalle ni ba, ita ya kalla.

"Kin sani?"

"Tun ranar."

"Kika bar mu muna zaginki?"

"Zaginku ba ya shiga huhun kowa, compadre. Mura ce take shiga."

Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Rantsuwar fa?" in ji wani daga baya.

"A kan ƙarya na yi ta. Uwata ta san ɗanta jaki ne tun tana da rai."

Taku ashirin ne, na gaya muku, amma sau biyu ya tsaya a cikin ruwan nan yana neman numfashi. Na zo zan riƙe shi ya ture hannuna, Graciete kuma ba ta ko rage tafiya ba, ta wuce ta buɗe masa ƙofa ta tsaya. Ta yi masa tambayoyinta duka kamar ba ta san shi ba. Ya rufe ido yana kiran Maryamu, har ta gama bai sani ba, sai da ta ce ya sauke hannun riga. Ya ce zai koma shago, ta nuna masa benci. Rabin sa'a cif ya yi a kai, ni a gefensa. Da lokaci ya kusa cika ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Firiza, Aldina? Ko ni da ban yi makaranta ba..." Bai ƙarasa ba, ya ɗora hannunsa a kan gwiwata.

Yara suka zo da tarinsu kamar kullum. A makon farko na Janairu mura ta bi ƙauyen gida-gida, ta kwantar da Firmino. Na ruga kanti a gigice na ce mata allurarta ba ta yi ba. Ta ce ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin ba zai kamu ba, abin da take nema shi ne jikinsa ya gane cutar da wuri, ya tare ta kafin ta sauka ƙirji. Ta kira likita, ta gaya mini alamun da in na gani kada in jira kowa, in kira motar asibiti. Kwana uku ina zaune a gefensa ina ƙirga numfashinsa. A safiya ta huɗu ya buɗe ido ya ce miyar kabejin da nake ba shi ba gishiri, ko so nake in kashe shi? Na fita bayan gida wajen itacen wuta na yi kuka har na gode Allah.

Daga nan na cire mukullin daga bayan ƙofa na tsallaka titi. Tana duƙe gaban firjin tana rubuta ma'auni. Na ajiye shi a kan kanta.

"Ya tashi, comadre. Yana zagin miyata. Ga wannan, ki ba wanda ya fi ni hankali."

Ta miƙe, ta cire tabarau, na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban gani ba ko ranar da ta dawo daga jana'iza. Ta sa yatsa ɗaya ta turo mini mukullin.

"Nawa zuwa nawa?"

"Biyu zuwa takwas."

"To a duk Soutelo Velho ke kaɗai ce na tabbata ba za ki manta ba. Ɗauki abinki, ki je ki sa wa mutumin nan gishiri."